Babi na 6: Shaidu Biyu a Gadon Mai Farfaɗiya

Mafi yawan cututtuka sukan raka mai su har gaban likita. Mai tari zai yi tarinsa a ji, mai ƙurji zai ɗaga riga a gani, mai hawan jini za a ɗaura masa abin awo a karanta. Farfaɗiya ba haka take ba. Takan zo ba sallama, ta yi minti 1 ko 2 ta wuce, kafin a nemo abin hawa a isa asibiti mutum ya miƙe yana tambayar me ya faru. Likita zai iya shekara 20 yana rubuta wa masu farfaɗiya magani ba tare da ya taɓa ganin tashin ciwon akasarinsu da idonsa ba. Abin da ke hannunsa labari ne kawai, shi kuma mai ciwon ba ya tuna komai, sai a koma kan wanda ke wurin.

"Mama, da ya faɗi idonsa a buɗe yake ko a rufe?"

"Wallahi likita ban duba ba, salati kawai nake ta yi."

"Wane hannu ne ya fara karkarwa?"

"Ai duk jikin ne."

"Ya kai minti nawa?"

"Ya fi rabin awa."

Uwar ba ƙarya ta yi ba. Wanda ɗansa ke kwance yana taune harshe ba ya duba agogo, kuma minti 2 a irin wannan hali ba shi da bambanci da rabin awa. Amma a kan waɗannan amsoshi ne za a yanke hukuncin ko yaro zai sha magani shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da tashin ciwon in an gano shi daidai an ba su maganin da ya dace. Duk wahalar tana cikin ganowar.

Wutar da ke cikin kai

A shekarar 1924 wani likitan taɓin hankali a garin Jena na Jamus, Hans Berger, ya yi nasarar ɗaukar motsin lantarki daga ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Ya yi shekara 5 yana sake gwaji kafin ya wallafa sakamakon a 1929, kuma ko a lokacin masana ba su gaskata shi ba, sai da Edgar Adrian da Brian Matthews suka maimaita gwajin a Cambridge ta Ingila a 1934. Wannan shi ne awon da ake kira EEG. A 1935, a birnin Boston na Amurka, Frederic Gibbs da Hallowell Davis da William Lennox suka nuna cewa yaran da kan ɗauke wuta na ’yan sakanni, su yi zuru da ido ba sa amsa kira, ƙwaƙwalwarsu na fitar da wani tsari na musamman mai maimaita kansa sau 3 a kowane sakan. Tun daga nan aka san farfaɗiya tana barin sawun da za a iya karantawa.

Sai dai awon yana da iyaka. Lantarkin da ke isowa fatar kai ɗan mitsitsi ne, ana auna shi da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt, bayan ya ratsa ruwa da ƙashi da fata. Kafin tartsatsin farfaɗiya ya bayyana a waje, sai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a fili mai faɗin santimita murabba’i 6 zuwa 10 sun harba tare. Abin da ke faruwa can cikin lungu yakan wuce ba a ji shi ba. Ga kuma matsalar lokaci: EEG na yau da kullum minti 20 ne zuwa 30, ciwon kuwa wataƙila sau ɗaya yake tashi a wata. A awon farko, rabin masu farfaɗiya ta gaske ko fiye ba a ganin komai a takardarsu. A ɗaya ɓangaren, akwai tsirarun mutane masu ƙoshin lafiya da takardarsu kan nuna tartsatsi alhali ba su taɓa faɗuwa ba. Motsin jiki ma yana ɓata rubutun: ƙifta ido, tauna, haɗiyar yawu, gumi, waya ɗaya da ta saki, kowanne yana zana abin da zai iya ruɗin mai karatu.

Alƙali ba ya son yanke hukunci da shaida ɗaya, balle shaidar da aka san tana da rauni. Ido yana ganin jiki bai san abin da ke cikin kai ba. EEG yana jin abin da ke cikin kai bai san abin da jiki ke yi ba. Dabarar da wannan babi ke magana a kai ita ce a zaunar da shaidun biyu wuri ɗaya, a sa su bayar da bahasi a kan sakan ɗaya.

Daga fim zuwa kwamfuta

A 1949, John Hunter da Herbert Jasper na Cibiyar Nazarin Ƙwaƙwalwa ta Montreal a Kanada suka bayyana hanyar ɗaukar mara lafiya da rubutun EEG ɗinsa a fim a lokaci guda. A Marseille ta Faransa, Henri Gastaut ya yi amfani da irin wannan ɗauka wajen rarrabe nau’o’in farfaɗiya. Amma fim yana da tsada kuma ba ya wuce ’yan mintuna, don haka ba a iya zaman jiran ciwo. Sau da yawa sai an tayar da shi da allura, abin da aka tayar da gangan kuwa ba lallai ya yi kama da wanda ke zuwa da kansa ba.

Zuwan talabijin ta cikin gida da kaset ɗin bidiyo shi ya sa jira ya yiwu. Sai wata matsalar ta ɓullo. Takardar EEG tana gudu santimita 3 a sakan, wato awon kwana ɗaya zai cinye takarda mai tsawon fiye da kilomita 2 da rabi. Wa zai karanta? A shekarun 1970, a Montreal ɗin dai, John Ives da Pierre Gloor suka tsara yadda kwamfuta za ta riƙa adana mintunan da suka gabaci tashin ciwo da zarar an danna maɓalli, Jean Gotman kuma ya rubuta manhajar da ke tsinto tartsatsi da kanta, sannan a 1982 ya fitar da wadda ke gano tashin farfaɗiya. Yau hoto da lantarki duka a kwamfuta suke, ɗaure da agogo ɗaya. Likita zai taɓa wani layi a rubutun, hoton mara lafiya na wannan sakan ɗin ya fito a gefe.

Kwana a ɗakin sa ido

Wanda za a kwantar akan ce masa ya wanke kai kada ya shafa mai, mace kuma ta kwance kitso. Ma’aikacin awo zai auna kai da tef, ya sa alamu bisa tsarin da Jasper ya wallafa a 1958, wanda ake kira 10-20 saboda tazarar wuraren kashi 10 ne ko 20 cikin 100 na tsawon kai. Za a manna ’yan faya-fayan ƙarfe 21 ko fiye da gam mai ƙarfi, a naɗe kan da bandeji, a ƙara wasu a ƙirji don bugun zuciya. Wayoyin ba sa sa wa mutum wuta, saurare kawai suke yi. Kyamara tana kallon gado dare da rana, da irin hasken da ke sa ta gani cikin duhu, ga makirufo, ga maɓalli a hannun mara lafiya da na mai jinyarsa. Ba a sa kyamara a banɗaki, kuma ba a fara ɗauka sai da amincewar mai jiki ko waliyyinsa.

Daga nan sai jira, yawanci kwana 3 zuwa 7. Wannan ne kaɗai ɗakin asibiti da likita ke fatan ciwo ya tashi. Akan rage magani a hankali, a hana barci, a haska fitila mai walƙiya, a sa mutum ya yi ta jan numfashi da ƙarfi na minti 3. Saboda haɗarin da ke cikin haka, ƙarafunan gado a naɗe suke da katifa, an riga an sa allurar ruwa a jijiya, iskar oksijin da maganin tsayar da jijjiga suna kusa.

Da ƙararrawa ta kaɗa, ma’aikaciyar jinya za ta shigo da gudu, amma ba ta tare kyamara. Za ta kunna fitila, ta yaye bargo don a ga ƙafafu, ta fara jarrabawa: "Malam, riƙe kalmar nan, doki. Yaya sunanka? Ɗaga hannuwanka biyu. Mene ne wannan a hannuna?" Bayan ya farfaɗo za ta tambaye shi kalmar da ta ba shi. Waɗannan tambayoyi su ne ke nuna ko hankali ya gushe, ko magana ta ɗauke, ko wani hannu ya mutu na ɗan lokaci, abubuwan da kyamara ba za ta gani ba in ba a tambaya ba.

Ba duk mai faɗuwa ke da farfaɗiya ba

Babban abin da waɗannan ɗakuna suka koya wa likitoci shi ne yawan kuskuren da ake yi. Cikin waɗanda ake turawa manyan cibiyoyi da sunan farfaɗiyarsu ta ƙi jin magani, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ba farfaɗiya ke damunsu ba. Mafi yawansu suna da wata lalura ce da ke kama da ita sosai: mutum ya faɗi, ya yi ta fizge-fizge, ba ya amsa kira, amma a daidai wannan lokaci lantarkin ƙwaƙwalwarsa na mai farke ne lafiyayye. Kusan 3 cikin 4 na masu ita mata ne, kuma sau da yawa akan samu tarihin firgici, cin zarafi ko damuwa mai nauyi. Bincike ya nuna akan ɗauki kimanin shekara 7 kafin a gano ta.

Bidiyo ya nuna alamun da ke bambanta su. A babbar farfaɗiya ido a buɗe yake, jiki yakan sandare sannan jijjiga ta biyo baya tana raguwa da tsari, abin ba ya cika wuce minti 2, sai minshari mai nauyi da ruɗewa, wani lokaci da cizo a gefen harshe. A ɗaya lalurar ido yakan kasance a rufe gam, kai yana juyawa dama da hagu, motsi ya lafa ya dawo, a yi minti 10 ko 20, wani lokaci da kuka. Babu alama ɗaya da ta isa hujja ita kaɗai, shi ya sa ake buƙatar rubutun lantarkin.

Dole a fahimci cewa waɗannan mutane ba shiri suke yi ba, ba kuma neman a kula su suke yi ba. Abin yana fin ƙarfinsu da gaske. Bambancin shi ne maganin farfaɗiya ba ya yi musu komai sai illa. Akwai wadda za ta sha sodium valproate shekaru, maganin da ke iya nakasa ɗan tayi, a kan ciwon da ba ta da shi. Akwai wanda za a yi ta ɗura wa allurar barci a ɗakin gaggawa har numfashinsa ya tsaya. Abin da ke taimakonsu shi ne a yi musu bayani cikin mutunci, a haɗa su da masanin halayyar ɗan Adam, a janye magungunan sannu a hankali. Wasu kaɗan kuma suna da lalurorin biyu a tare, don haka akan nuna wa iyali hoton da aka ɗauka a tambaye su: irin wannan yake yi a gida, ko akwai wani iri?

Suma ma tana ruɗi. A 1994 wasu likitoci a Berlin suka sa matasa masu lafiya suka suma da gangan a gaban kyamara, suka tarar kashi 90 cikin 100 sun yi fizge-fizge, duk da cewa sumar kimanin sakan 12 ce kawai a matsakaici. Wanda zuciyarsa ke tsayawa na ’yan sakanni zai iya shekaru yana shan maganin farfaɗiya, alhali na’urar daidaita bugun zuciya yake buƙata. Wayar nan ta ƙirji ita ke tona wannan.

Kuskuren yana kuma juyawa ta ɗaya fuskar. Farfaɗiyar da ke tasowa daga goshin ƙwaƙwalwa takan zo cikin barci: mutum ya zabura, ya yi ihu, ya yi ta harba ƙafafu, cikin rabin minti ya dawo hayyacinsa sarai. Wanda ya gani zai rantse iska ce ko taɓin hankali, EEG kuma sau da yawa ba ya nuna komai sai hayaniyar tsoka. A nan bidiyo ne ke ceton mara lafiya: idan aka jera tashi 5 aka ga duk daga barci suke farawa, da motsi iri ɗaya, da tsawo kusan ɗaya, to farfaɗiya ce. Wani lokacin lantarki ne ke gyara ido, wani lokacin ido ne ke gyara lantarki.

Ko bayan an tabbatar farfaɗiya ce, sai an san irinta. Carbamazepine yana aiki sosai ga wadda ke farawa daga wuri ɗaya, amma yana iya tsananta ta yaran nan masu ɗauke wuta, da ta matasan da hannunsu kan fizge da sassafe.

Kafin a ɗauki wuƙa

Kusan 1 cikin 3 na masu farfaɗiya magani ba ya tsayar musu da ita. Wasunsu tiyata za ta iya warkar da su, in an san takamaiman inda wutar ke tashi. A 2001 Samuel Wiebe da abokan aikinsa a Ontario ta Kanada suka raba mutum 80 masu farfaɗiyar gefen ƙwaƙwalwa gida biyu. Bayan shekara 1, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sun rabu da tashin da ke gusar da hankali, a masu shan magani kaɗai kuwa kashi 8 ne.

Abin da aka yanke daga ƙwaƙwalwa ba ya komawa, saboda haka ba a shiga sai shaidu sun haɗu. A nan sakannin farko su ne masu daraja, domin ciwon yana yaɗuwa da sauri. Likita zai yi ta mayar da hoton baya. Idan kai ya murɗe da ƙarfi zuwa dama gab da jijjiga, ana zargin ɓangaren hagu. Idan hannu ɗaya ya ƙage ɗayan yana ta lalube, matsalar tana ɓangaren da ke kishiyar hannun da ya ƙage. Hannun da mutum ya share hanci da shi bayan ya farfaɗo yawanci yana ɓangare ɗaya da tushen ciwon. Idan magana ta daɗe ba ta dawo ba, ɓangaren da ke riƙe da harshe ne, wanda ga yawancin mutane shi ne hagu. Sai a gwada wannan da wayar da ta fara nuna canji, da hoton MRI. In suka saɓa, akan dasa wayoyi cikin ƙwaƙwalwar kanta a sake jira, kyamara na kallo.

Farfaɗiyar da ba ta motsi

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a ɗakin masu jinya mai tsanani gani ma yakan gaza. A 2004 Jan Claassen da abokan aikinsa a Jami’ar Columbia ta New York suka duba mutum 570 da aka sa wa EEG ba yankewa. Kashi 19 cikin 100 suna farfaɗiya, kuma cikin waɗannan kashi 92 babu wata jijjiga da ido zai gani. Mutum yana kwance cikin doguwar suma, ƙwaƙwalwarsa tana ta harbawa, ba wanda ya sani.

Jarirai sun fi haka wuya. Wani bincike da aka yi a Cork ta ƙasar Ireland, aka wallafa a 2008, ya ƙirga tashin farfaɗiya 526 a EEG na jarirai sababbin haihuwa. Kusan kashi 1 cikin 3 ne kawai ya zo da alamar da ta fito a bidiyo, kuma kashi 9 cikin 100 ne ma’aikata suka lura da shi a bakin gado. A lokaci guda, yawancin motsin da ma’aikatan suka rubuta a matsayin jijjiga ba ita ba ce. A irin waɗannan ɗakuna aikin kyamara shi ne wanke EEG daga zargi: rubutu ya nuna kaɗawa mai tsari kamar ciwo ya tashi, a duba hoto a ga uwa ce ke bubbuga bayan jariri, ko ruwa ne ya taru a bututun na’urar numfashi.

Wannan ya shafe mu a Afirka kai tsaye. A Kilifi ta Kenya, a shekarun 1990, an auna yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, aka ga wasu cikin waɗanda ke sume suna farfaɗiya ne a ɓoye, alamarta kawai karkatar ido, dalalar yawu ko numfashi marar tsari.

Darasi mafi ɗaci ya fito ne a 2013, lokacin da Philippe Ryvlin da abokan aikinsa suka tattara bayanai daga ɗakunan sa ido 147, suka nazarci mutum 16 da suka yi mutuwar fuju’a ta farfaɗiya. Kusan duka da dare ne. A waɗanda aka samu cikakken rikodinsu, babbar jijjiga ce ta fara zuwa, sai numfashi ya tsaya, sannan zuciya ta biyo baya. Wasu kuma da numfashinsu ya tsaya, aka fara yi musu taimakon farfaɗowa cikin minti 3, sun rayu. Kyamarar da ba mai kallonta ba ta ceton kowa.

Abin da ke aljihunka

Ɗakin sa ido yana cin kuɗi: gado na kwanaki, wutar da ba ta ɗaukewa, ma’aikata dare da rana, da ƙwararren da zai karanta awoyi masu yawa. A Afirka ta kudu da Sahara likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne ƙwarai, kuma a ƙasashe matalauta 3 cikin 4 na masu farfaɗiya ko maganin ma ba sa samu. Shi ya sa ake neman gajerun hanyoyi. A Gini an gwada hular EEG da ke haɗe da wayar hannu, ana tura rubutun ta intanet ga masu karatu a wasu ƙasashe. A Kano da Kaduna da Zariya, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami’ar Vanderbilt ta Amurka sun horar da ma’aikatan lafiya na matakin farko su gano farfaɗiyar yara su kula da ita.

Rabin aikin kuwa yana hannun kowa. Wani bincike a Amurka da aka wallafa a 2020 ya nuna wa ƙwararru hotunan da iyalai suka ɗauka da waya, suka yi daidai a kusan 9 cikin 10 idan aka gwada da hukuncin ɗakin sa ido. Hoton waya ba ya maye gurbin EEG, amma ya fi ƙwaƙwalwar mutumin da ya firgita.

Don haka, mai karatu, idan kana da mai faɗuwa a gida, ku raba aiki tun kafin ranar. Mutum ɗaya ya kula da shi: ya janye shi daga wuta, ruwa da titi, ya sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, ya juya shi ta gefe da zarar jijjiga ta lafa. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai, kuma kada a guje shi, domin yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Na biyu ya ɗauki hoto: a kunna fitila, a yaye mayafi gwargwadon da mutunci ya yarda, a ɗauki jiki duka sannan a matso kan fuska da ido, a kira sunansa a ji ko zai amsa, a ci gaba da ɗauka har bayan ya farfaɗo. Hoton na likita ne, ba na Facebook ko zauren WhatsApp ba. Idan kai kaɗai ne a wurin, ajiye wayar ka kula da mutum. Idan kuma jijjiga ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a daina komai a kai shi asibiti nan take.